Jagora ga Mai Niyyar Tashi daga Kaduna Ya Yi Kirsimeti a Birnin Roma

Duk wanda ya saba da Kirsimetin Kaduna ya san cewa biki ne na buɗaɗɗiyar ƙofa. Daga Sabon Tasha har Barnawa da Narayi da Unguwar Romi ana dafa shinkafa da miya da naman kaza, yara su yi ta kai kwanuka gidajen maƙwabta, baƙo kuma ba ya rasa inda zai sa hannu. A Roma, babban birnin Italiya, lamarin akasin haka yake, domin daga yammacin 24 ga Disamba har zuwa 26 ga wata mutanen gari sukan shige gidajensu tare da iyalansu, shaguna su rufe, motocin haya su ragu, manyan wuraren tarihi su kulle ƙofofinsu. Matafiyin da bai san wannan ba zai iya kashe kuɗi mai yawa ya je ya zauna a ɗakin otal da yunwa a ranar da ya fi ɗoki. Saboda haka dukkan shirin tafiyar ya kamata a gina shi a kan waɗannan kwanaki uku, a fara lissafi daga gare su a koma baya har zuwa ranar da za a fara neman biza.

Roma ta cancanci wannan wahala. Rubutaccen tarihi mafi daɗewa da ya nuna ana bikin haihuwar Yesu Almasihu a ranar 25 ga Disamba daga wannan birni ya fito, kuma yana komawa ne zuwa shekara ta 336. A nan Manzo Bulus ya yi shekara biyu a gidan haya yana jiran shari'a, kamar yadda ƙarshen Littafin Ayyukan Manzanni ya faɗa, kuma ga masu bi na wannan birni ya rubuta wasiƙarsa zuwa ga Romawa.

Mataki na farko: fasfo da biza, tun damina

A fara da duba fasfo. Dokar ƙasashen yankin Shengen, wanda Italiya take ciki, ta ce dole fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata uku na aiki bayan ranar da za a baro yankin, ya kasance da shafuka biyu da ba a buga musu komai ba, kuma bai wuce shekara goma da fitowa ba. Wanda nasa ya kusa ƙarewa sai ya nufi ofishin fasfo na Hukumar Shige da Fice da ke Kaduna tun kafin ya taɓa maganar biza.

Ana iya shigar da takardun neman biza tun saura wata shida a yi tafiya, wato daga ƙarshen watan Yuni ga mai son Kirsimeti. A ƙa'ida ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma doka ta ba ofishin jakadanci damar kai wa kwana 45, kuma abin da ya fi cinye lokaci shi ne samun ranar da za a karɓi takardun da kuma ɗaukar hoton yatsu. A ganina wanda watan Satumba ya ƙare bai sami rana ba ya riga ya shiga haɗari. Italiya tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, kuma a shafinsu na intanet ne kaɗai ya kamata a duba jerin takardun da ake bukata da wurin da ake miƙa su. Kuɗin biza na babban mutum yuro 90 ne tun daga watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, kuma ba a mayar da shi idan an hana bizar.

Abin da jami'in biza yake son ya tabbatar abu biyu ne: mutum yana da kuɗin da zai ɗauki nauyin kansa, kuma yana da abin da zai dawo da shi gida. Don haka ana haɗa bayanan asusun banki na watannin baya, da takardar izinin hutu daga wurin aiki ko takardun rajistar sana'a, da shaidar ajiye kujerar jirgi ta zuwa da dawowa, da shaidar masauki na kowane dare, da inshorar lafiya da ba ta gaza yuro 30,000 ba wadda ke aiki a dukkan yankin. Kuskuren da ke kayar da mutane da yawa shi ne aro kuɗi mai tsoka a zuba a asusu ana saura mako guda, domin masu duba takardun sun san yadda albashi ko cinikin mutum yake shiga da fita, kuɗin da ya faɗo daga sama kuwa tambaya yake jawowa. Haka kuma a guji 'yan tsakiya masu alkawarin fitar da biza ta bayan fage. Takardar bogi guda ɗaya tana iya ɓata sunan mutum a dukkan ƙasashen yankin, tunda rumbun bayanansu ɗaya ne.

Mataki na biyu: tikitin sujadar daren Kirsimeti

Wannan shi ne abin da ake mantawa har sai lokaci ya ƙure. Sujadar da Fafaroma yake jagoranta a daren 24 ga Disamba cikin Majami'ar Bitrus Mai Tsarki ba a shiga sai da tikiti. Tikitin kyauta ne, ofishin da ke kula da gidan Fafaroma a fadar Batikan ne yake bayar da shi ga waɗanda suka rubuta roƙo, kuma masu nema sun ninka kujerun da ake da su nesa ba kusa ba. A aika da roƙon watanni kafin lokacin, a rubuta suna da yawan mutane da ranar sujadar. 'Yan Katolika za su kyauta wa kansu idan suka sanar da Fada na cocinsu, domin wasiƙar shaida daga ikilisiya tana ƙara wa roƙo nauyi. Duk wanda ya ce zai sayar maka da wannan tikiti, ka san abin da aka bayar kyauta yake sayar maka, ko kuma abin da babu shi. Idan an amsa roƙon, da hannu ake zuwa a karɓa a Batikan kafin ranar.

Lokacin fara sujadar yana canzawa daga shekara zuwa shekara, an yi ta da ƙarfe bakwai da rabi na yamma, an kuma yi ta da ƙarfe goma na dare, saboda haka sai a duba sanarwar Batikan ta wannan shekarar. Wanda bai sami tikiti ba yana iya tsayawa a dandalin da ke gaban majami'ar ya bi sujadar ta manyan allunan talabijin da ake kafawa.

Mataki na uku: jirgi da masauki

Daga Kaduna, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa Idu, a tashi daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe a Abuja, ko da yake wasu sun fi son Kano. Kujerun jirgin ƙasa suna ƙarewa da wuri a watan Disamba, kuma bai dace mutum ya ɗora jirgin ƙasashen waje a kan tafiyar rana ɗaya ba. A kwana a Abuja. Akan yada zango ne a hanya, a Adis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul ko Doha, ko kuma a Faris ko Farankfot. Wanda ya bi ta Faransa ko Jamus ya sani cewa a can za a duba fasfonsa a yi masa tambayoyin shiga, don haka takardun masauki da na inshora da tikitin dawowa su kasance a jakar hannu, kuma ya bar tazara mai kyau tsakanin jiragen biyu.

Shawarata ita ce a isa Roma a ranar 21 ko 22 ga Disamba, a baro ta bayan 27. Hakan yana ba da cikakken kwana ɗaya ko biyu kafin gari ya rufe, da kwana ɗaya ko biyu bayan ya buɗe. Wani sauƙi da ɗan Najeriya yake samu shi ne cewa a lokacin sanyi agogon Italiya da namu ɗaya ne, ba a gyara komai, kuma kiran gida ba ya bukatar lissafi.

Wajen zaɓen masauki, kusanci ya fi arha muhimmanci a wannan mako. A yawancin shekaru motocin bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa suna tsayawa da misalin ƙarfe tara na daren 24 ga wata, a ranar 25 kuma su yi aikin safe, su huta da tsakar rana, su ɗan dawo da yamma. Wanda ya fito daga sujadar dare yana da masauki a bayan gari zai sha wuyar neman tasi tare da dubban mutane. Unguwannin Prati da Borgo suna dab da Batikan, ana zuwa da ƙafa. Kewayen Termini, babbar tashar jiragen ƙasa ta birnin, ya fi arha kuma abinci ya fi samuwa, sai dai tafiyar ƙafa daga Batikan zuwa can ta kusa awa guda. Ɗaki mai ɗan wurin girki ya fi otal amfani a ranar 25. A kuma tuna cewa birnin yana karɓar harajin kwana daga kowane baƙo a kan kowane dare, kuma sau da yawa a masaukin ake biya, ba ya cikin kuɗin da aka biya ta intanet.

Mataki na huɗu: haɗa kaya

Sanyin Roma ba irin na hunturunmu ba ne. Namu busasshe ne, da hantsi ya yi rana ta kore shi. Nasu yana tafe da danshi da ruwan sama, da rana ma'aunin zafi yakan tsaya wajen 12, da dare ya sauka kusa da 3 ko 4, rana kuma tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar na yamma. Ba sai an je can an sayi kayan sanyi da yuro ba, domin a Kasuwar Barci da ke Tudun Wada ana samun kwat mai kauri da suwaita da safar hannu da hular sanyi na gwanjo masu kyau. A saye su tun kafin hunturu ya kama farashi ya tashi. Gara riguna biyu ko uku da ake ɗorawa kan juna a kan guda ɗaya mai nauyi, saboda cikin shaguna da jirage akwai ɗumi. Takalmi kuwa ya zama mai ƙasan roba wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, domin titunan tsohon gari an shimfiɗa su ne da ƙananan baƙaƙen duwatsu masu santsi idan ruwa ya taɓa su. Matan da suka ɗinka ankon Kirsimeti su tafi da shi, yana da kyau ƙwarai a dandalin Batikan, amma a sa kayan ɗumi a ƙarƙashi, a bar dogon takalmi a gida.

Akwai maganar guzuri, wadda take da ɗaci ga ɗan Arewa. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su daga ƙasashe irin namu, ko da busasshe ne. Kilishi da dambun nama da man shanu duk sun shiga wannan hani, idan aka gani ƙwacewa za a yi, wani lokaci har da tara. Ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ganyaye ma suna bukatar takardar shaidar lafiyar tsirrai, amma dabino yana cikin 'yan kaɗan da aka keɓe. Wanda yake ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai yuro 10,000 dole ya bayyana su ga kwastan. Soket ɗin Italiya mai zagayayyun ramuka ne, cajar da ke da ƙafa uku masu kusurwa ba ta shiga, sai da adafta. A ɗauki katin rigakafin shawara, a kuma tambayi banki ko katin cirar kuɗi zai yi aiki a waje da iyakar abin da za a iya kashewa.

Mataki na biyar: kwanakin kafin biki

Daga Fiumicino, babban filin jirgin sama na Roma, akwai jirgin ƙasa mai suna Leonardo Express da ke kai wa tashar Termini cikin minti 32. Tasi na gaskiya fari ne mai lamba a jiki, yana da layinsa a waje, ba a bin wanda ya tare mutum a cikin zaure. Tikitin bas na takarda sai an soka shi a na'ura an buga masa lokaci da zarar an shiga, in ba haka ba tara ce ko da an saya. A bas mai lamba 64, wanda ke tsakanin Termini da Batikan, da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, a riƙe jaka a gaba saboda 'yan sane.

Ranar 22 ko 23 ita ce ta gidajen tarihin Batikan, inda ɗakin sujada na Sistina yake, wanda Mikelanjelo ya zana rufinsa tsakanin 1508 da 1512. Suna rufe a ranakun 25 da 26, a ranar 24 kuma suna tashi da wuri, kuma in ban da Lahadin ƙarshen wata ba sa buɗewa ranar Lahadi. A sayi tikiti a shafinsu tun daga gida. Ita kanta Majami'ar Bitrus shiga kyauta ne, sai dai layin bincike, kuma ba a yarda da tufafin da ya bar kafaɗa ko gwiwa a waje ba.

Wurin da na fi so matafiyin Kirsimeti ya ba lokaci shi ne majami'ar Santa Maria Maggiore, wadda ba ta da nisa da Termini. A ƙarƙashin babban bagade akwai matakala da ke sauka zuwa wani ɗan wuri, inda aka ajiye wasu tsofaffin guntayen katako cikin akwatin gilashi da azurfa, waɗanda bisa al'adar ikilisiya daga komin dabbobin da aka kwantar da jariri Yesu a Baitalami suka fito. A gabansu akwai babban mutum-mutumin wani Fafaroma a durƙushe, mutane kuma suna sauka kaɗan-kaɗan, wasu su durƙusa, wasu su tsaya su leƙa ta gilashin. A wannan majami'a kuma ake ajiye da siffofin haihuwar Almasihu na farin dutse da Arnolfo di Cambio ya sassaƙa wajen shekarar 1291, kuma a nan aka binne Fafaroma Faransis a watan Afrilun 2025. Al'adar kwaikwayon wurin haihuwar, wadda ake dangantawa da Waliyyi Faransis na Asisi a ƙauyen Greccio a 1223, ta kama Italiyawa ƙwarai, kusan kowace majami'a tana da nata, ana barin komin babu jariri har sai daren 24. Da yamma sai a leƙa kasuwar biki ta dandalin Navona, wadda take ci har 6 ga Janairu.

Mataki na shida: kwanaki ukun

Safiyar 24 ta cefane ce. A sayi abincin kwana biyu kafin la'asar: burodi, ƙwai, shinkafa, ruwa, 'ya'yan itace, da panettone, wato burodin biki mai zaƙi da busasshen inabi. A kasuwar Esquilino da ke kusa da dandalin Vittorio ana samun doya da manja da barkono da naman halal. Wanda yake son cin abinci a waje a daren 24 ko ranar 25 dole ya kama tebur makonni kafin lokacin, kuma ya sani cewa yawanci tsayayyen jerin abinci ake kawowa da tsayayyen farashi mai tsada. Abincin daren 24 na kifi ne bisa al'adarsu. Wanda ba ya cin naman alade ya yi hattara da taliyar carbonara da amatriciana da gricia, duka da shi ake yin su, amma cacio e pepe cuku ne da masoro kawai.

Mai tikitin sujada ya isa layi awa uku kafin lokaci, domin tikitin izinin shiga ne kawai, bai tanadar wa kowa kujera ba. Ana wucewa ta na'urar bincike, don haka kada a ɗauki babbar jaka ko wuƙa ko kwalba. Wanda ba ya son wannan turmutsutsu yana da majami'u da dama da ke sujadar dare ba tare da tikiti ba. 'Yan Angilika da 'yan ECWA da Baftis da HEKAN da ke son sujada da Turanci za su iya zuwa cocin All Saints da ke titin Babuino, ko St Paul's Within the Walls a titin Nazionale, ko cocin Methodist da ke bakin gadar Sant'Angelo, bayan sun duba lokacin a shafukansu.

Ranar 25 da ƙarfe goma sha biyu na rana Fafaroma yake fitowa a barandar tsakiya ta Majami'ar Bitrus ya yi jawabi ya sa albarkar da ake kira Urbi et Orbi, wato ga birni da duniya. Wannan ba ya bukatar tikiti, amma a isa tun wajen ƙarfe goma. A tsakiyar dandalin, kusa da dogon ginshiƙin dutsen da aka kawo daga Masar, ana kafa bishiyar Kirsimeti, al'adar da Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya fara a 1982. Bayan an watse, ragowar yinin na yawon ƙafa ne, domin Kolosiyum, tsohon filin wasannin Romawa, da Pantheon, tsohon haikalinsu da aka mayar majami'a, yawanci a rufe suke. A bi gaɓar kogin Tiber a haye zuwa tsohon gari, a hau matakala 124 na majami'ar Aracoeli, inda ake nuna siffar jariri Yesu ta katako da mutanen Roma suke ji da ita. Wannan yammacin ne kewar gida take kama baƙo, shi ya sa ya fi kyau a tafi mutum biyu ko uku, a dafa shinkafa a masauki, a kira gida lokacin da aka san an dawo daga coci.

Ranar 26, ranar tunawa da Istifanus, ita ma hutu ce, amma gari ya fara motsi, Fafaroma kuma yakan yi addu'ar tsakar rana daga tagar fadarsa. Ita ce ranar da ta dace da Kolosiyum, wanda aka buɗe a shekara ta 80, kuma tikitinsa ya haɗa da kangon tsohuwar cibiyar mulkin Romawa da tudun Palatino. Tikitin yana ɗauke da sunan mai shi, sai a tafi da fasfo, a kuma je da safe domin a lokacin sanyi da ƙarfe huɗu da rabi ake rufewa. Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya tsaya a ƙarƙashin ƙofar Taitus, wadda aka gina a cibiyar don tunawa da nasarar wannan sarkin Roma, ya ɗaga kai, zai ga an sassaƙa sojojin Roma ɗauke da alkukin Haikalin Urushalima mai rassa bakwai bayan rushe shi a shekara ta 70. Idan da sauran kwana, a je majami'ar Bulus da ke bayan ganuwa, inda kabarinsa yake.

Musulmin da ya yi rakiyar abokai ko ya zo yawon buɗe ido zai sami Babban Masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995, a arewacin birnin, da ƙananan masallatai a unguwar Esquilino. Yinin gajere ne, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da juna.

Mataki na bakwai: dawowa

A duba takardar bizar da kyau tun ranar da aka karɓo ta, domin abu biyu ne a rubuce: ranakun da take aiki, da yawan kwanakin da aka yarda a zauna, kuma ba lallai su zo daidai ba. Wuce wa'adi ko da kwana ɗaya yana shiga rajista, musamman yanzu da ƙasashen yankin suka fara rubuta shiga da fita ta kwamfuta tun watan Oktoban 2025, kuma zai yi wa mutum illa a neman biza ta gaba. Idan fasfo ya ɓata, a kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi takarda, sannan a nufi ofishin jakadancin Najeriya da ke Roma, wanda shi ma yana hutu a ranakun biki, dalilin da ya sa ake ajiye kwafin fasfo da biza a waya da kuma a jaka dabam. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce. A isa Fiumicino awa uku kafin tashi, a kuma sayi tikitin jirgin ƙasa na Idu zuwa Rigasa da zarar an buɗe sayarwa, domin tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara kujeru ba sa jiran kowa.